Yadda Za Ka Kashe Ƙarar Saƙon Tes Ba Tare Da Ka Rasa Alat Na Banki Ba

Kada ka kashe ƙarar saƙonnin tes gaba ɗaya. Ka kashe ta masu damunka kawai, ɗaya bayan ɗaya, ka bar na banki da na iyali suna ƙara.

A wayar Android, idan saƙon talla ya shigo, ka ɗora yatsa a kan sanarwarsa ka riƙe, sannan ka zaɓi Silent. A iPhone kuma ka buɗe hirar, ka taɓa sunan mai turowa, ka kunna Hide Alerts. Saƙon zai ci gaba da shigowa, sai dai wayar ba za ta yi kuka ba.

Wannan ya fi amfani ga 'yan kasuwa. Mai sayar da albasa a Aliero ko mai shago a kasuwar Jega, wanda ke jiran alat kafin ya saki kaya, idan ya rufe komai zai riƙa tsayar da mai saye yana laluben waya.

Idan kana son tallace-tallacen su daina zuwa ma, ka tura STOP zuwa 2442, tsarin da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta kawo a 2016, kuma kyauta ne.

Amma ka lura, wani lokaci wannan tsari yana hana lambar sirri ta tabbatarwa isowa daga wasu manhajoji. Idan haka ta faru, ka tura ALLOW zuwa 2442. Haka nan idan mai tallar ya canza suna ko lamba, dole ka sake kashe ƙararsa.