Yadda ake shan maganin ƙarin jini ya shiga jiki: saƙon da hanta ke aika wa hanji

Sau da yawa za ka ga mace a Garwa ko Marwa ta sha jajayen ƙwayoyin ƙarin jini wata biyu cur, sau uku a rana, amma fatar idonta na nan fari fat. Galibi laifin ba na ƙwayar ba ne. Hanji ba ya karɓar sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar sai da izini, kuma izinin daga hanta yake fitowa.

Ga yadda abin yake. A farkon ƙaramin hanji akwai wani furotin mai suna ferofotin, shi ne ƙofar da ƙarfe ke bi ya shiga jini. Hanta kuma tana sakin wani ɗan ƙaramin furotin, hefsidin, wanda in ya isa ƙofar sai ya manne mata, ƙwayar halitta ta haɗiye ta. Hefsidin ya yi yawa, ƙofa ta rufe. Ya ragu, ta buɗe. Lafiyayyen mutum miligiram 1 zuwa 2 kacal yake tsotsa daga abinci a rana. Sauran ƙarfen da jiki ke buƙata a rana, kusan miligiram 20 zuwa 25, daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini ake kwaso shi a saifa bayan sun yi kwana 120 suna aiki, kuma nan ma ta wannan ƙofa yake fita.

Kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya, a je a auna jini. Takardar da ake rubuta wa NFS a asibitocinmu za ta nuna yawan himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja: ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai ciki, ƙarancin jini ne. In ya sauka ƙasa da 7, ko mutum yana haki a zaune, zancen ƙwaya a gida ya ƙare, asibiti za a kai shi. A duba layin VGM, mai nuna girman jajayen ƙwayoyin jini, in bai kai 80 ba ƙwayoyin jinin sun tsuke, alamar da ta fi yawa a rashin ƙarfe. Inda ake gwajin feritin, mai nuna ƙarfen da jiki ya ajiye a rumbu, ƙasa da 15 ya tabbatar rumbun ya ƙare. Mai sikila kuwa kada a ba shi ƙarfe da ka. Jininsa fashewa yake yi, kuma in an sha yi masa ƙarin jini, ƙarfen ya riga ya yi masa yawa.

Sai a tambaya ko akwai zazzaɓi. Nan mutane suka fi yin asarar kuɗi. In zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka ko wani ciwo mai kumburi ya kama jiki, ƙwayoyin garkuwa suna sakin wani saƙo da ake kira IL-6. Shi zai sauka a kan ƙwayar hanta, ya tayar da wasu furotin biyu a ciki, JAK da STAT3, su kuma su sa a yi ta zuba hefsidin. Dabarar jiki ce ta hana ƙwayar cuta abinci. Duk ƙwayar ƙarfen da aka haɗiya a wannan hali, akasarinta wucewa za ta yi ta ɓata ciki kawai. Saboda haka a damina, daga Yuli zuwa Oktoba musamman, a fara da gwajin zazzaɓi, a gama maganinsa, jiki ya huce, sannan a shiga ƙarfe. Haka kuma kumburi yana ɗaga feritin, sai gwaji ya nuna kamar akwai ƙarfe alhali babu.

Yanzu ga shan maganin. Ƙwayar sulfat ɗin ƙarfe mai miligiram 200 tana ɗauke da kusan miligiram 65 na ƙarfen kansa. Wani bincike da aka yi a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 2015 ya nuna cewa shan miligiram 60 ko fiye yana ɗaga hefsidin har tsawon awa 24. Wato ƙwayar safe ce ke rufe wa ta rana da ta dare ƙofa. Ga babba marar ciki, ƙwaya ɗaya a rana ta isa, kuma wanda take sa wa tashin zuciya ko taurin bayan gida zai iya shan ɗaya yau, ya tsallake gobe. A sha da sassafe, lokacin da hefsidin ya fi sauka, da ruwa, ciki babu komai. In cikin ya ƙi, a haɗa da ɗan abinci, gara a tsotsi kaɗan da a daina gaba ɗaya.

Mai ciki ta bi abin da aka ba ta a wurin awo: ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4 kullum. Kada ta sayi folik asid mai miligiram 5 a kanti ta ƙara da kanta, domin yana rage ƙarfin Fansidar ɗin da ake ba ta na rigakafin zazzaɓi.

Shayi shi ne babban abokin gaba, kuma a Njamena ko Kuseri hana mutum shayi ɓata baki ne. A dai ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da ƙwayar. Haka goro, gahawa, nono da kindirmo. Farar ƙasar nan, kalaba, da masu ciki ke ci, tana riƙe ƙarfe a hanji, kuma kwaɗayinta ma kan zama alamar rashin ƙarfen. Ruwan kanwa da magungunan olsa irin su omefirazol suna rage tsamin ciki, ƙarfe kuwa sai da tsami yake narkewa. Lemun tsami, gwaiba da garin ƙwallon kuka suna taimakawa, haka nama, hanta da kifi. Mai shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, sifuro ko doksi, ya raba su da ƙarfe da aƙalla awa biyu, in ba haka ba su biyun za su ɗaure juna.

Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai. Amma in ya yi yauƙi kamar kwalta, da mugun wari da jiri, jini ne ke zuba a ciki, a garzaya asibiti. A kuma ɓoye kwalbar inda yaro ba zai kai ba, 'yan ƙwayoyi kaɗan na iya halaka shi.

Bayan mako uku zuwa huɗu a sake awo. Ya kamata himogulobin ya hau da 1 zuwa 2. In ya dawo daidai, a ci gaba da sha wata uku don cika rumbu. In bai motsa ba, tulun yoyo yake yi, a nemo ɓular: tsutsar ciki, wadda albendazol miligiram 400 ke kashewa, tsargiya ga masu su da noman shinkafa a Lagdo, Maga da bakin Logon, wadda ake ba firazikwantel miligiram 40 kan kowane kilo, basir mai jini, haila mai yawa, gyambon ciki daga ƙwayar H. pylori ko daga diklofenak da ake saye a tebur. Mai ciwon ƙoda nasa daban ne, domin ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon EPO na a ƙera jini, kuma hefsidin yana taruwa masa, shi ya sa likita kan koma ga allurar ƙarfe ta jijiya. Namiji babba ko macen da ta daina haila, in aka same su da rashin ƙarfe, a nemi a leƙa ciki da hanji da na'ura, ko da ba su taɓa ganin jini a bayan gida ba.