Kurakuran da Aka Fi Yi a Sana'ar Sarƙar Duwatsu da Zaman Koyo a Gida

A Jos, daga Unguwar Rogo zuwa Gangare har Bukuru, da wuya a rasa matar da ke zura duwatsun ado tana sayarwa: sarƙa da 'yan kunne na anko, abin hannu, jigida, har da carbi. Wasu sun ƙara da tara mata a gida, kowace ta biya, a ba ta duwatsu da zare, a koya mata ta haɗa nata ta tafi da shi. Sana'a ce da ake farawa da ɗan ƙaramin jari, shi ya sa masu shigarta suke da yawa, masu barinta bayan 'yan watanni ma ba kaɗan ba ne. A ganina, yawancin asarar ba daga rashin iya haɗa launi take zuwa ba. Tana zuwa ne daga sakin kuɗi a kan abin da ido ke gani, tare da yin ƙwauro a kan abin da ba ya gani, wato zare da maɓalli da lokaci da lissafi.

Kuskure mafi tsada shi ne na zare. Mace za ta je kasuwar Terminus ta daɗe tana zaɓen duwatsu tana ciniki, amma idan aka zo kan zare sai ta ce a ba ta kowanne ne. Zaren fatsa, wanda aka fi aiki da shi, yana da kauri iri-iri, kuma a jikin kwarkwaronsa ake rubuta kaurin da milimita. Siriri, kamar mai 0.25, na ƙananan duwatsun saƙa ne, inda zaren zai ratsa rami ɗaya sau biyu ko uku. Idan aka zura masa manyan duwatsu na gilashi ko na dutse na gaske, nauyi zai ja shi, kaifin bakin ramin kuma ya riƙa cin sa a hankali har ya tsinke, galibi a tsakiyar taron biki, inda mai sarƙar za ta faɗi sunan wadda ta yi mata ita ba tare da an tambaye ta ba. Duwatsu masu nauyi suna buƙatar siririyar wayar ƙarfe da aka lulluɓe da roba, wadda ba a ƙulla ta, sai dai a rufe ta da 'yan mitsitsin ƙarafan nan da ake matsewa da filaya. Kafin a matse na ƙarshe, a lanƙwasa sarƙar yadda za ta zauna a wuya, domin idan aka rufe ta a miƙe kuma a ɗame, za ta sandare, ta ƙi kwanciya, kuma a nan take fara karyewa.

Zaren roba na abin hannu ma yana da nasa sharaɗin. A tale shi sau da yawa kafin a fara zuri, in ba haka ba zai saki bayan 'yan kwanaki, a ga giɓi tsakanin duwatsu. A yi masa ƙulli mai zagaye biyu, a ja shi da kyau, a ɓoye ƙullin cikin dutse mai faɗin rami. Yawancin masu koyo suna ɗiga wa ƙullin gam mai saurin kamawa, alhali shi ne ke busar da robar har ta tsage. Gam ɗin da ke bushewa da laushi ya fi. Awo kuma kada a yi shi da ido. A auna wuyan hannu da tef, a ƙara kamar santimita 1 zuwa 2.

Sai ƙarfe. Maɓallin sarƙa da ƙugiyar ɗan kunne su ne ke taɓa fata, kuma su ne aka fi saye a araha. Da yawa daga cikin masu arahar suna da sinadarin nikel, wanda ke sa wa wasu mata ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne da wuya, kuma ruwan gwal ɗin da ke kansu ba ya jimawa yake gogewa. Araha ba ta ado. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya ɗan fi tsada, amma bambancin a kan sarƙa ɗaya bai kai darajar kwastoma ɗaya ba. Damshin daminar Jos mai tsawo yana dusashe waɗannan ƙarafa idan an bar su a buɗe, don haka a adana su cikin ƙananan ledoji masu rufewa. A kuma gaya wa mai saye, tun wurin ciniki, cewa ta fara shafa humra da turarenta, su bushe, sannan ta sa sarƙa, domin turare yana cinye fentin da ke kan lu'ulu'un gilashi da duwatsun da aka rina. Wadda ba a gaya wa ba, laifin mai sana'a za ta gani.

A wurin sari, ruwan ido ne ke cinye jari. A sayi launi goma sha biyar sili ɗaya-ɗaya, a dawo gida a tarar babu wanda zai isa sarƙa guda. Lissafin ba shi da wuya: silin da ke da tsawon santimita 38 yana ɗauke da duwatsu kusan 47 idan masu milimita 8 ne, sarƙa mai tsawon santimita 45 kuwa tana cin fiye da 50, ke nan sili ɗaya bai isa ba. Aikin anko ya fi buƙatar kula, domin launin da aka saya yau ba lallai ya zo daidai da wanda za a samu mako mai zuwa ba, ko da a shago ɗaya ne. A sayi na kowa lokaci guda, da ɗan ƙari. Ƙananan duwatsun saƙa kuma lambarsu a juye take, mai 11/0 ya fi mai 6/0 ƙanƙanta. Na Japan da na ƙasar Cek sun fi daidaituwar girma, masu arahar kuwa sai an zauna an tsince su.

Kada a kira gilashi ko roba da sunan murjani. Jos gari ne da ake cinikin duwatsu masu daraja, ba a rasa mai ido a cikin dangin kwastoma. Gilashi ma ba abin kunya ba ne, Masagan Bida, wato masu sana'ar gilashi na garin, da shi suka yi suna. A faɗi abin da aka yi aiki da shi, a sa masa kuɗinsa.

Farashi kuwa nan ne kunya ke kashe sana'a. A ɗauki misali: duwatsu da zare da maɓalli sun ci naira 2,000, sai mai sana'a ta sayar 2,500 ta ce ta ci ribar 500. Ba ta lissafa kuɗin Keke zuwa kasuwa ba, ba ta sa na leda ko kwalin da ta naɗe kayan ba, ba ta cire duwatsun da suka fashe ba, ba ta kuma biya kanta awa biyun da ta yi a sunkuye ba. Idan aka haɗa waɗannan, sau da yawa faɗuwa aka yi. Gyaran shi ne littafi guda da ake rubuta kuɗin kowane aiki, da jaka ta daban wadda kuɗin cefane ba ya shiga cikinta. Aikin da aka ba da oda, musamman anko, ba a fara shi sai da kafin alƙalamin da zai sayi kayan gaba ɗaya, kuma kafin kaya su fita a ga kuɗin a cikin asusu, ba a hoton da aka turo ta WhatsApp ba.

Zaman koyo a gida shi ne ɓangaren da ya fi kawo sababbin kwastomomi, shi ne kuma aka fi gudanarwa kamar walima. Mai gayya takan dafa shinkafa da kaza, ta sayi lemo, ta kira mata ashirin, sha biyu su zo, rabinsu da yara, a tashi babu wadda ta gama abin hannunta, kuɗin da aka tara kuma bai mayar da na girkin ba. Mutum ɗaya ba ta iya lura da hannun mata fiye da shida zuwa takwas a lokaci guda, musamman masu fara koyo. Kowace ta biya kafin ranar, domin wadda ta biya ita ce ke zuwa, kuma da kuɗin ake sayen kayanta. Abin taɓawa ya tsaya a kan abu marar maiƙo, a ajiye shi gefe sai an gama, tunda hannun da ya taɓa cincin ko soyayyen nama yana ɓata duwatsu.

Kuskure na gaba shi ne zube duk kayan da ake da su a tsakiyar falo a ce kowa ta zaɓa. Rabin lokacin zai tafi a zaɓe, masu tsadar su ƙare, launuka su cakuɗe. A shirya wa kowace mace ƙunshinta tun da dare: samfuri ɗaya mai sauƙi, launi biyu ko uku, zaren da aka riga aka yanke, da faranti da aka shimfiɗa wa ƙaramin tawul don kada duwatsu su gangara. Mai son dutse na musamman ta ƙara kuɗi, a kuma faɗi haka tun farko. Rufe sarƙa da ƙullin ƙarshe, mai koyarwa ce za ta yi su ko ta duba su ɗaya bayan ɗaya, domin abin da ya tsinke a hanyar gida sunanta zai ɗauka, ba na 'yar koyo ba.

Lokaci ma abin lura ne. Zaman da aka fara bayan La'asar, haske zai gudu kafin a gama, Magariba kuma ta watsa taron. Bayan Azahar ya fi, kusa da taga ko a tsakar gida. Asabar ta bukukuwa ce, safiyar Lahadi ba ta yi wa maƙwabta Kirista ba, ga kuma lokutan Islamiyya, don haka a tambayi masu zuwa kafin a tsayar da rana. Maganar yara ba ta wasa ba ce: ƙaramin yaro yana haɗiye dutse ko ya tura shi a hanci cikin ƙiftawar ido. Ko dai a ce kada a zo da su, ko a ware musu ɗaki da mai kula da su, a kuma share falon tsaf bayan an tashi.

Idan a gidan wata za a yi zaman, a daidaita ladanta tun kafin a gayyaci kowa, ko sarƙa ce ko rangwame ko wani kaso na cinikin ranar, kuma maigidan ya san da zuwan baƙi. Kada a wallafa kwatancen gidan a Facebook ko Instagram. A tura shi ga waɗanda suka biya kawai. Hoto kuma a ɗauki na hannuwa da na aikin da aka gama, a kan farin ƙyalle cikin hasken rana, fuskar kowa ba ta fita sai da izininta. Kafin a watse, a rubuta sunan kowace mace da awon hannunta da launin da ta fi so a cikin littafin nan na lissafi, domin idan Sallah ko Kirsimeti ta gabato, su ne za a fara tura wa hoton sabon samfuri.