Yadda ake soya gahawa a gida a dafa ta a jabana

A Habasha da Sudan, mai son gahawa ta gaske ɗanyun 'ya'ya yake saye, a soya, a daka, a dafa, duk a zama ɗaya. Hausawan Sudan sun san wannan shan sarai, da citta da ƙananan finjalai. Aikin ba shi da wuya, amma ɗanɗanon duka a kan kasko ake samunsa ko a rasa shi, cikin minti goma sha biyar.

Fara da zaɓen 'ya'ya. Iri biyu ne suka cika kasuwa, arabika da robusta, kuma arabika ce ta dace da jabana, wato tulun yumbun da ake dafa gahawar a ciki. Asalinta dazuzzukan tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne, wajen Kaffa. Daga can ta tsallaka Bahar Maliya zuwa Yaman, inda sufaye a ƙarni na 15 suke shan ta don raya dare da zikiri. Ta tashar jiragen ruwa ta Mokha ta bazu, mutanen Holan suka dasa ta a tsibirin Java a ƙarshen ƙarni na 17, ta isa Brazil a 1727, yau kuma babu ƙasar da ta kai Brazil noman ta. Saboda haka buhun da ke gabanka zai iya fitowa daga ko'ina, sai ka dogara da idonka. Arabika doguwa ce kaɗan, tsagar cikinta a karkace. Robusta ƙarama ce, a mulmule, tsagarta a miƙe, sinadarinta mai hana barci ya kusa ninka na arabika, ɗacinta kuma yana ƙaruwa idan aka tafasa ta. Duk wadda ta yi baƙi, ko ƙwaro ya huda, ko take warin rima, tsince ta ka zubar. Guda biyu ko uku sun isa su ɓata tulu.

Auna giram 100. A Habasha ana wanke su da ruwa ana murzawa da hannu har sau biyu ko uku, don ƙura da siririn ɓawon da ke jiki su fita. Tsane ruwan sosai.

Sai suya. Samu kasko mai faɗi mai kauri, busasshe, ba mai ko ɗigo. Garwashin da ya ruru ya kwanta ake so, ba harshen wuta ba. Baza 'ya'yan kada su hau kan juna, ka yi ta juyawa da cokali ba tsayawa. A minti huɗu ko biyar na farko koren zai koma rawaya, wari irin na ɗanyar ciyawa ya tashi. Ruwan cikinsu ne yake fita. Daga nan su fara yin ja-ja. Wajen minti takwas zuwa goma za ka ji suna fashewa ƙas-ƙas kamar gugguru, lokacin zafinsu ya kai kusan digiri 196 a ma'aunin Celsius. Nan ne wurin kula. Rage wuta, ci gaba da juyawa minti biyu ko uku, har su yi launin ƙasa mai duhu bai ɗaya. Idan ka ji fashewa ta biyu, mai siririn sauti, mai kuma ya fara tsattsafowa a jikinsu, sauke nan take. Da yawa a Habasha suna kai ta har nan, amma taku ɗaya gaba gawayi ne, kuma babu sukarin da zai gyara shi.

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Wuta mai ƙarfi tana ƙona baya ta bar ciki ɗanye, sai gahawar ta haɗa ɗaci da tsami. Wuta mai sanyi kuma, wadda ta ja suyar ta wuce minti ashirin, tana busar da 'ya'yan ta kashe ƙamshin, a sha salam. Fasa ɗaya ka duba: launin ciki ya zama daidai da na waje.

Juye su a faifai ka yi ta fifita, don idan aka bar su a tare zafinsu zai ci gaba da soya su. A nan ƙaiƙayin zai tashi, ka sheƙe shi. Giram 100 za su dawo kusan 85. Idan sun huce, daka a turmin da bai taɓa ganin barkono ko daddawa ba, domin gahawa tana jan wari. A daka da laushi, amma kada ya zama lilis, in ba haka ba ba zai kwanta a gindin tulu ba.

Jabana tulun yumbu ne mai kumburarren ciki da dogon wuya. Zuba ruwa rabin lita, kada ya kai wuya, ka ɗora a garwashi. Idan ya yi zafi, zuba garin gahawa giram 35, wato babban cokali biyar a cike, da rabin ƙaramin cokali na garin busasshiyar citta idan irin ta Sudan kake so. Da ta taso zuwa wuya, tsiyaya kaɗan a finjali ka mayar, tashin zai faɗa. Yi haka sau biyu ko uku ka sauke. Barin ta tana ɓararraka yana korar ƙamshi ya jawo ɗaci.

Ajiye tulun a ɗan karkace minti uku zuwa biyar, garin ya kwanta. A Sudan ana cusa ɗan zaren kaba ko na dabino a bakin tulun ya zama matata. Zuba a hankali, ba tare da girgiza tulun ba, ka bar na ƙasan. Rabin lita zai ba da finjali shida ko bakwai.

Kada ka zubar da garin. Habashawa suna ƙara ruwa su sake dafawa har zagaye uku, da suke kira abol, tona da baraka, kowanne ya fi na baya sauƙi, ana ci da gugguru, turaren lubban yana tashi. A zagaye na biyu rage ruwan zuwa kashi biyu cikin uku. Ragowar soyayyun 'ya'yan kuwa a rufe su a kwalba ba tare da an daka ba, a shanye cikin mako biyu.