Yadda ake dafa gahawa a tsohuwar buta mai bututu

Irin butar nan ce aka fi amfani da ita a gidajen Amurka kafin na'urorin haɗa gahawa na lantarki su ture ta a shekarun 1970. A cikinta akwai bututu a tsaye, da ɗan kwandon ƙarfe mai ƙananan huji a samansa. Idan ruwa ya yi zafi sai ya hau ta bututun, ya zubo kan garin gahawa, ya koma ƙasa.

1. Ciro bututun da kwandon, ka zuba ruwan sanyi, amma kada ya kai inda gindin kwandon yake zama.

2. Mayar da bututun, ka sa gari a kwandon, babban cokali ɗaya ga kowane kofin ruwa. Garin ya zama mai tsaki-tsaki. In ya yi laushi kamar fulawa, ta hujin zai zube, ka sha da dusa a baki.

3. Rufe, ka ɗora a risho ko gas, wuta madaidaiciya.

4. Nan ne aikin yake. Zuba ido kan ɗan gilashin da ke saman murfi. Da ka ga ruwa ya fara tsalle a ciki, rage wutar, ya riƙa ɓulɓulowa jefi-jefi. Da fari fes zai fito, sannan ya yi ja, ya yi duhu. In ka bari ya tafasa sosai, ɗaci ne zai biyo baya, sukari ma ba zai gyara ba. Minti 7 sun isa. Mai son ta da ƙarfi ya kai 10.

5. Sauke, ka ciro kwandon da tsumma domin yana ƙuna. Bari ta huta minti 2, garin ya kwanta, sannan ka tsiyaya a hankali.