Yadda za ka gyara ɗaki sautin sipika ya fita tsaf

Jama'a ba kullum ne laifin sipika ba fa, sau da yawa ɗakin ne. Nawa ɗakin a Gusau tayil ne ƙasa, bango siminti, in na kunna karatu sai ka ji murya na amsa kuwwa kamar a cikin rijiya.

Da farko tsaya tsakiyar ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wata ƙara ta biyo baya to bango da tayil ne ke maido sautin. Sai ka shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sipikun, ko darduma kan tabarma in babu hali, taga kuma a sa mata labule mai nauyi da ninki sosai, ba mai shara-shara ba.

Daga nan janye sipikun daga bango kamar taku ɗaya, kada ka cusa su a lungu don lungu na kumbura bas, wato sautin nan mai kauri, har magana ta dushe. Tazarar da ke tsakanin sipiku biyun ta zama daidai da tazararka da kowacce, suna kallonka saitin kunne.

Wannan na fi so: zauna a kujerarka, ƙanenka ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe, duk inda ka hango sipika a madubin nan ne sauti ke fara bugowa, rataya bargo mai kauri a wurin.

Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kam kada ka wahalar da kanka, bai da kaurin da zai sha sauti. Sai ka sake tafawa ka ji bambanci.