Yadda Ake Zaɓen Kalmar Turanci da Ta Dace da "Babba"

A Hausa kalmar "babba" ba ta gajiya. Babban titi, babban dalili, babban alƙali, babban sakatare, duk ita ke ɗauka. Turanci kuwa ya rarraba wannan aiki ga kalmomi da yawa: *main, chief, principal, prime, supreme, paramount, senior, major*. Ƙamus zai jera maka su wuri ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, amma ka sa wata a gurbin wata a takardar neman aiki ko a jarrabawar WAEC, mai dubawa zai gane nan take. Ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Duba ko abu kake nufi ko muƙami

In abu ne ko dalili, *main* ce ta fi sauƙi, kuma da wuya ta ba ka kunya: *main road, main gate, main reason*. Sharaɗinta ɗaya ne, dole suna ya biyo bayanta. Ana cewa *the main reason*, ba a cewa *the reason is main*. A rubutun ofis kana iya musanya ta da *principal* ko *chief*, sai dai sun fi ta nauyi. Amma kada ka kai *main* wajen muƙami, babu wani alƙali da ake kira *Main Judge*.

Mataki na 2: In muƙami ne, kada ka fassara, nemo sunan da doka ta ba shi

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, domin sunayen muƙamai haddace su ake yi, ba hasashe ba. Shugaban alƙalan Najeriya *Chief Justice* ne, na jiha kuwa *Chief Judge*, shi kuma shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci *Grand Kadi*. Dukansu "babban alƙali" ne a bakinmu.

Tarihinmu ma ya ba da misali mai kyau. Sardauna Ahmadu Bello ya zama *Premier* na Jihar Arewa a 1954, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya zama *Prime Minister* na tarayya a 1957. Shi ya sa har yau muke cewa Firimiya da Firaminista. Kalmomin biyu tushensu ɗaya, "na farko", amma kujerun daban suke. Wanda ya yi karatu da Faransanci, kamar ɗaliban Nijar, sai ya kula: *Premier ministre* da ya saba ji, a Turanci *Prime Minister* ne.

Makarantu kuwa kowace da nata. Firamare *headmaster* ko *head teacher*, sakandare *principal*, kwalejin ilimi *provost*, kwalejin kimiyya da fasaha *rector*. A jami'a wanda ke riƙe da ragamar komai shi ne *Vice-Chancellor*, duk da kalmar *vice* da ke nufin mataimaki. *Chancellor* ɗin kansa uban jami'a ne kawai, sau da yawa wani basarake, ba a cika ganinsa ba sai ranar yaye ɗalibai. In ka aika wa *Chancellor* takardar koke kan sakamakon jarrabawa, to ka shirya dogon jira.

Mataki na 3: Gane matakalar

Ba kowace kalmar girma ce ke nufin ƙololuwa ba. A aikin gwamnatin Najeriya, *senior* ce ƙasa, *principal* na samanta, sannan *chief*. Jami'in mulki yakan zama *Senior* a matakin albashi na 10, *Principal* a na 12, *Assistant Chief* a na 13, *Chief* a na 14, daga nan sai sahun daraktoci. Ke nan wanda ya rubuta *senior officer* yana nufin shugaban ma'aikata ya rage wa mutum girma bai sani ba.

Haka *major*. Tana nufin ɗaya daga cikin manya, ba babban cikinsu ba. *A major problem* matsala ce babba a cikin wasu manyan, *the main problem* kuwa ita ce uwar matsalolin. Ka lura da *a* da *the* ɗin nan, su ne ke tona bambancin. A soja ma akwai abin mamaki: Manjo ya fi Laftana, amma Laftana Janar ya fi Manjo Janar.

Mataki na 4: Ajiye *supreme* da *paramount* sai inda babu kowa a sama

*Supreme Court* ita ce Kotun Ƙoli, daga ita babu ɗaukaka ƙara. Wadda muke kira Babbar Kotu *High Court* ce, kuma tsakaninta da Kotun Ƙoli akwai *Court of Appeal*. A zamanin Gowon da Murtala, majalisar ƙoli ta mulkin soja *Supreme Military Council* ake ce mata. *Paramount* kuma an fi jin ta wajen sarauta, kamar *paramount chief* a Gana, sarkin da sauran sarakunan yankinsa ke ƙarƙashinsa, da kuma a cikin *of paramount importance*.

Tunda kalmomin nan sun riga sun kai maƙura, ba a ƙara musu *more* ko *most*. Za ka ji 'yan siyasa na cewa *most paramount* a kan mumbari. Kada ka kwaikwaye su.

Mataki na 5: Kula da masu kama da juna

*Principal* da *principle* furucinsu ɗaya. Ta farko ita ce shugaban makaranta, ko uwar kuɗi a harkar bashi, ko sifa mai nufin mafi muhimmanci. Ta biyu ƙa'ida ce ko aƙida, kuma kullum suna ce, ba ta siffanta komai.

*Primary* na da fuska biyu. A *primary concern* tana nufin abin da ya fi komai muhimmanci, a *primary school* da *primary election*, wato zaɓen fidda gwani, tana nufin na farko a jeri. *Prime* kuwa tana da abokan tafiya 'yan kaɗan, irin su *prime suspect* da *prime time*, gara ka riƙe su yadda suke.

Mataki na 6: Gyara jam'i da babban baƙi

In muƙamin na da kalmomi da yawa, harafin *s* kan ainihin sunan yake hawa: *Chiefs of Staff, Commanders-in-Chief, Editors-in-Chief*. Babban baƙi kuma sai in kana nufin wata kujera takamaimai, kamar *the Chief Justice of Nigeria*. A *the chief cause of the accident* kalmar sifa ce kawai, da ƙaramin baƙi za ka rubuta ta.