Yadda za ku tsare tsohon ginin unguwarku kafin jan fenti ya hau bango

A Jos, ranar da ka ga an shafa jan fenti na alamar rusau a bangon gida, an riga an gama magana a wani ofis ko wani falo da ba a gayyace ka ba. Abin da ke biyo baya ihu ne bayan hari: matasa su taru, a ɗauki bidiyo a sa a Facebook, dattawa su yi ta Allah ya isa a bakin masallaci, baɗi warhaka kuma a ga rukunin shaguna mai hawa biyu a wurin. A Gangare na tashi, ina cikin kwamitin unguwarmu, kuma abin da zan faɗa aiki ne na lokacin da babu wanda ya ce zai taɓa ginin.

Ku fara sanin ta ina rusau zai zo. Mun saba ɗora komai a kan hukuma, amma yawancin tsoffin gidajen da na ga sun tafi a Gangare da Dilimi da Sarkin Arab, rabon gado ne ya ci su. Maigida ya rasu ya bar mata da 'ya'ya da yawa, gida ɗaya ba ya yankuwa yadda za a fitar wa mata tumuninsu kowane ɗa kuma ya samu kasonsa, sai a kira dillali a yi masa kuɗi. Wanda ya saya kuwa ba ruwansa da zaure ko azara, fili ya saya a tsakiyar gari. Ban ga laifin gwauruwar da ke jiran haƙƙinta ba, kada ku ma ku gani.

Saboda haka magana da masu gida ita ce gaba da komai, tun dattijon gidan yana da rai. A tura mutum biyu da yake jin nauyinsu, limami ko mai unguwa da wani sa'ansa. Ba a shiga da "kada ku sayar", wannan zai sa a nuna muku ƙofa. A gaisa, a ce: "Baba, Allah ya ƙara lafiya, mun ga damina ta taɓa zauren nan, mun zo mu ji ta inda za mu sa hannu." Daga gyaran zaure ake kaiwa ga maganar makomar gida. Idan akwai makarantar allo ko ɗan masallaci a jikin gidan, yana iya mayar da wannan ɓangaren wakafi tun yana raye, a rubuce, da shaidu. Idan ta wasiyya zai bi, ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. A zauna da malamin da ya san fiƙihun gado don kada a bar wa 'ya'ya rigima. Inda an riga an rasu, a nemi magaji ɗaya mai hali ya sayi kason 'yan'uwansa a biya a hankali, ko a mayar da ɗakunan bakin titi shagunan haya a bar cikin gida yadda yake. Gidan da ke kawo kuɗin haya ba a saurin kai shi kasuwa.

Sai takardu, kuma nan ne Jos ta bambanta da wasu garuruwa. Rikicin 2001 da na 2008 sun cinye takardun gidaje da yawa, wasu masu gida sun ƙaura sun bar maƙwabta da riƙo, wasu cinikin a baki aka yi shi tun zamanin kakanni. Ku tambaya ba kunya: akwai takardar mallaka? Akwai ta ciniki? Rasit ɗin harajin fili fa? Duk abin da aka samu a ɗauki hotonsa, a yi kwafi, a ajiye a gida biyu daban. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, yana da ikon soke mallaka don amfanin jama'a, amma sai an ba mai riƙe da filin sanarwa, diyya kuma a kan abin da aka gina ake biyanta. Wanda ba shi da takarda ko ɗaya, wahalarsa ninki biyu ce a ranar.

Yanzu tarihin ginin kansa. "Tsohon gida ne" ba hujja ba ce a gaban injiniya ko alƙali. Wa ya gina shi, yaushe, me aka yi a ciki? Ku zauna da tsofaffin unguwa da waya a hannu ku naɗi muryarsu, musamman tsofaffin mata, don su ne suka san ɗakin da aka haifi wane da shekarar da aka sauya jinka da kwano. Garin nan kuza ce ta tara shi. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin dogo a 1927, kuma gidaje da yawa na fatake da mahauta da 'yan kwangilar lebura a wancan zamanin aka kafa su. Idan tsohuwa ta ce "shekarar da aka daina ƙaramin jirgi", 1957 take nufi, kun samu kwanan wata ke nan. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da fayilolin lardin nan na zamanin Turawa, ɗalibi ɗaya mai haƙuri ya isa ya je ya duba. Ku kuma nemi tsoffin maƙwabtan da rikici ya raba ku, waɗanda suka koma wasu unguwanni. Sau da yawa hoton biki ɗaya da ke nuna fuskar gidan yana hannunsu, kuma sa hannunsu a takardar koke yana hana a ce maganar ta ƙabila ɗaya ce ko addini ɗaya. A garin nan, da zarar an yi mata wannan fassarar, ta mutu.

Hoto kuma a yi shi da tsari: kowace fuska ta gini, zaure ciki da waje, rufin daga ƙasa, ƙyaure, tagogi, duk wani rubutu ko shekara da aka zana a saman ƙofa. Jami'ar Jos tana da sashen zanen gine-gine, ɗalibansu suna neman irin wannan don aikin makaranta, za su auna su zana muku taswira.

Kada ku raina gyara. Dalilin da aka fi kafawa wajen rusau shi ne ginin zai faɗo wa mutane, kuma tun da makarantar nan ta Busa Buji ta rufta a Yulin 2024 aka rasa mutum 22, ba mai wasa da wannan maganar, bai ma kamata a yi ba. Ruwa ne ke kashe ginin ƙasa. Kafin damina a duba kwano da indararo, a gyara magudana don ruwa ya daina kwanciya a gindin bango, a yi yaɓe. Abin da ke ba ni takaici shi ne masu lulluɓe bangon ƙasa da siminti suna ganin gata suka yi masa. Siminti yana riƙe danshi a ciki, bangon ya ruɓe a ɓoye, wata rana ya zube gaba ɗaya. Ku nemi maginin gargajiya. Idan ba ku san inda za ku same shi ba, ku tambaya a gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. A harabarsa akwai gidan adana gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara. Bayan gyara, a sa injiniya mai rajista ya duba ya rubuta rahoto. In ya ce ginin ba zai tsaya ba, ku yarda da shi. Kuma a ci gaba da amfani da wurin, ko ɗaurin aure ko darasin yara, don wanda ya ga yadda babbar kasuwar Taminus ta zauna kango shekara da shekaru bayan gobarar 2002 ya san abin da ke samun ginin da aka bari ba kowa.

Da wannan fayil a hannu sai a rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da alhakin neman a ayyana gini a matsayin abin tarihi. A kai kwafi ga JMDB, mai kula da tsarin gine-ginen birnin, da kansila da ɗan majalisar jiha. Kowace takarda a sa a buga mata hatimin karɓa, a dawo da kwafi. Amma kada ku kwanta a kan wannan. Ilojo Bar, wani tsohon gini a Legas, an ayyana shi abin tarihi tun 1956, aka rushe shi ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah, lokacin da ofisoshi ke kulle. Ku sa ido a ƙarshen mako da ranakun hutu, kuma lambar lauya ta kasance a wayar mutum fiye da ɗaya.

In sanarwar rusau ta zo, a ɗauki hotonta da kwanan watan, a je ofishin da ya bayar a nemi dalili a rubuce, lauya kuma ya garzaya kotu neman umarnin dakatarwa a ranar, ba washegari ba. Dattawa su riƙe yara. Jifan direban katafila ba ya tsayar da komai, sai dai ya jawo kame, a manta da maganar gini a koma neman beli.

Wani lokaci duk za ku yi wannan a rushe. To a roƙi mai wurin kwana biyu kafin a fara, a cire ƙyauren zaure da azarori masu kyau da allon da ke ɗauke da shekara. Azarar giginya tana daɗewa, gara ba ta cika cinta ba, za ta yi amfani a gyaran gida na gaba. Hotuna da muryoyin da aka naɗa a kai kwafi gidan tarihi, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya a ba magada.